Gadar Gaya a rufe, kogi a buɗe: wa ke kula da rayukan masu fito?

Dogon Dutsi ba garin bakin ruwa ba ne. Kwarin Dallol Mawri da ya ratsa ƙasar Arewa, daga Matankari zuwa Dutsi har Tibiri da Gecheme, tsohon kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da, kuma sai ya gangara kudu kusa da Gaya yake haɗuwa da kogin Isa. Duk da haka, tun daga 2023 wani ɓangare na masara, doya, gari da manjan da ake sayarwa a kasuwannin Arewa sai ya hau kwale-kwale kafin ya hau mota. Haka ma ɗalibi ko ɗan kasuwa da zai tafi Kwatano. Abin da ke faruwa a bakin kogin Gaya ya shafi aljihun Ba'are, wani lokaci ma ya shafi ransa.

Yadda kogi ya maye gurbin gada

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi ranar 30 ga wannan wata, aka rufe iyakoki, aka gitta kwantenoni a kan gadar da ta haɗa Gaya da Malanville. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 ƙungiyar ta ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Yamai suka bar nasu a rufe. Dalilinsu shi ne tsaro: suna zargin Benin da bai wa sojojin Faransa masauki, zargin da Kwatano ta sha musantawa. Iyakar Najeriya kuwa an buɗe ta a watan Maris 2024.

Kafin rikicin, mafi yawan kayan da Nijar ke shigo da su ta teku a tashar Kwatano ake sauke su, tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Yamai. Manyan kaya sun koma hanyar Lome ta cikin Burkina Faso, da rakiyar sojoji, ga nisa ga tsada. Ƙananan 'yan kasuwa da matafiya ba su da wannan ƙarfin, sai suka koma ga fito. Motar fasinja ta sauke mutane a Gaya, su hau kwale-kwale, su sake hawa wata motar a Malanville. A watan Mayu 2024, lokacin da takaddama kan bututun man Agadem zuwa Seme ta yi zafi, Benin ta hana ƙetare kogin. Hanin ya nuna yadda hanyar take: umarni ɗaya daga kowane ɓangare na iya tsayar da ita a dare guda, kayan mutane su kwana a gaɓa.

Rayuwa a bakin ruwa

Gaɓar kogin ta zama tasha mai zaman kanta. Akwai matuƙa da yaransu, waɗanda da yawa a cikin jirgin suke kwana ƙarƙashin tamfol domin gadin inji da kaya. Akwai 'yan dako masu shiga ruwa da buhu a ka, 'yan kabu-kabu, masu tura amalanke, mata masu abinci da masu shayi. Sarkawa da sauran masunta, waɗanda suka gaji sanin kogi daga kakanni, sun samu abokan sana'a da ba su san ruwa ba, waɗanda kuɗin fito kawai ya jawo su.

Kowane buhu yana biyan wannan jerin hannuwa. A sauke shi daga mota, a ɗora a jirgi, a sauke, a sake lodawa, kowane mataki da kuɗinsa, ban da abin da ake bayarwa a shingaye. Kafin ya bi ta Dosso ya iso Dogon Dutsi, tafiyar kusan kilomita 300, farashinsa ya ɗauki nauyin dukan waɗannan. Mai saye a Kiyeshe ko Dankasari ne ke biya, ko da bai taɓa ganin kogin ba.

Haɗarin da ya riga rikicin

Hatsarin jirgi a wannan yanki ba sabon abu ba ne. A watan Satumba 2017 wani jirgi da ya taso daga Gaya ɗauke da 'yan kasuwa zuwa kasuwar Lolo, a jihar Kebbi ta Najeriya, ya kife, mutum fiye da 30 suka rasu. A watan Fabrairu 2019 wani da ya taso daga ɓangaren Benin ya nutse kusa da Sambera, a jahar Dosso, mutum fiye da 40 suka ɓace. Duk wannan ya faru ne gada tana aiki. Yanzu da mutanen da a da suke bin gada suka koma ruwa, yawan masu hawa ya ƙaru, amma jiragen katako dai su ne, lodi fiye da kima shi ne.

Kogin kuma ba hali ɗaya gare shi ba. Yana cika da ruwan damina a Agusta da Satumba, ya sake tasowa a Disamba da Janairu idan ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ya iso, lokacin da hazo ke rage gani. Daga Afrilu zuwa Yuni ruwa ya ja, duwatsu da tudun yashi su fito. Matuƙin da ya san waɗannan lokuta yana rage kaya ko ya jira gari ya waye. Wanda yake tsoron kada a kama shi kuwa da dare yake tafiya, ta mashigin da babu jami'i, kuma a nan ne ba a samun mai ceto.

A gaɓar teku, daga Dakar zuwa Legas, akwai tasoshin da masu hali ke ɗaure jiragen shaƙatawa masu filafilai, wasu ma a ciki suke zaune. Kowane jirgi yana da rajista da wurin tsayawarsa, an san yawan mutanen da zai ɗauka, akwai rigar kariya ga kowa, ana duba yanayi kafin a tashi. Waɗannan ƙa'idoji ba na masu kuɗi kaɗai ba ne, kuma mafi yawansu ba su da tsada. Jirgin da ke ɗaukar mutum biyar don nishaɗi yana da su, wanda ke ɗaukar mata da yara da dama zuwa kasuwa ba shi da su.

Abin da za a iya yi tun kafin a buɗe gada

Buɗe iyaka magana ce ta siyasa tsakanin Yamai da Kwatano. Tsoffin shugabannin Benin biyu, Nicéphore Soglo da Boni Yayi, sun zo Yamai a watan Yuni 2024 don sasanci, man fetur ya ci gaba da bin bututu, amma gadar ba ta buɗe ba. Tsare ran mai fito kuwa ba sai an jira wannan ba. Kan iyakar a cikin ruwa sananniya ce tun hukuncin kotun duniya ta La Haye na 12 ga Yuli 2005, wanda ya bai wa Nijar tsibirin Lete ya kuma ce iyaka tana bin hanyar da ta fi zurfi a kogin. Ƙasashen biyu kuma mambobi ne na Hukumar Kogin Isa, ABN, mai hedikwata a Yamai.

Matsalar ita ce hukuma na ƙyamar tsara hanyar da a takarda take rufe, domin tsarawa kamar amincewa ce. Amma barin ta haka bai hana kowa wucewa ba, bai kuma ƙara tsaro ba, tunda jami'in da ke da littafin sunayen fasinja ya fi wanda ba shi da shi sanin wanda ya shigo. Hukumomin Gaya tare da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin matuƙa za su iya yi wa jirage lamba, su sa layin fenti a jikin jirgi da ba a yarda ruwa ya wuce shi ba, su ware jirgin kaya da na mutane, su hana tashi bayan magariba, su tilasta rigar kariya.

'Yan kasuwar Arewa ma suna da nasu ƙarfin, domin su ne masu biyan kuɗin fito. Idan ƙungiyoyinsu na Dogon Dutsi da Tibiri suka daina bai wa jirgin da ya yi lodi fiye da kima kaya, matuƙa za su ji a aljihunsu tun kafin doka ta iso. Ruwan Disamba yana zuwa kowace shekara, ko an sasanta ko ba a sasanta ba.