A tantance manhaja kafin a ɗora ta

Ɗalibin ilimin harsuna ya san lanƙwasa ɗaya ce ta raba "baki" da "baƙi". Amma idan yana buƙatar Praat ko ELAN, sai ya kwafa daga kile ɗin aboki bai tambayi asalinta ba, saboda tsadar intanet. Gurɓatacciyar manhaja kuwa tana iya lalata sautukan da aka yi watanni ana naɗa a ƙauyuka, ko ta saci bayanan mutanen da suka ba da muryoyinsu bisa amana.

A watan Mayun 2017, masu kutse sun musanya manhajar HandBrake ta kwamfutocin Mac da wata mai cutarwa a ɗaya daga rumbunan da ake saukar da ita. Sunan fayil bai canza ba. Amma lambar tantancewarsa ta bambanta da ta fayil na ainihi. Irin wannan lamba, SHA-256, haruffa da alƙaluma 64 ce, kuma canji komai ƙanƙantarsa cikin fayil yakan sauya ta baki ɗaya.

Ya kamata kowane sashe ya sauko da manhajojinsa daga shafin masu su, ya gwada lambar idan sun wallafa ta, sannan ya raba wa ɗalibai kwafi ɗaya amintacce. Aikin mintoci kaɗan ne, amma yana tsare binciken shekara guda.