A Bayyana Wa Ɗaliban Kebbi Inda Kuɗin Wasanninsu Ke Tafiya

Ranka ya daɗe Edita,

Mai wannan wasiƙa yana roƙon ɗan fili a jaridarka domin ya tayar da wata magana da ba kasafai ake jin ta ba a Jihar Kebbi, wato kuɗin wasanni a manyan makarantunmu da kuma mutanen da ake ɗora wa nauyin horar da 'yan wasa.

Duk uban da ya taɓa biya wa ɗansa kuɗin rajista a babbar makaranta a ƙasar nan ya san takardar tana da layuka da yawa. Akwai na jarrabawa, akwai na asibiti da ɗakin karatu da katin shaida, a makarantu da dama kuma akwai kuɗin wasanni. A kan mutum ɗaya bai taka kara ya karya ba, shi ya sa ba mai tsayawa tambaya. Amma in an tara na dubban ɗalibai, shekara bayan shekara, ya zama dukiya. Wanda ya biya yana da haƙƙin sanin nawa aka tara, nawa aka sayi ƙwallo da riguna da takalma, nawa ya tafi a kuɗin mota da masauki da alawus ranar da aka fita gasa, nawa kuma ya isa hannun mai horarwa.

Tambayar ta shafi Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ta shafi Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, wadda take nan tun zamanin tsohuwar Jihar Sakkwato, haka ma ta jiha da ke Dakin Gari. Ba zargin kowa ake yi ba. Magana ce ta tsari. Kwalejojin ilimi na ƙasar nan suna da gasarsu ta NICEGA, kwalejojin fasaha suna da NIPOGA, kuma zuwa kowace daga cikinsu sai da kuɗi da shiri na watanni.

Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da kuɗi ke shigowa waɗannan makarantu daga Abuja ita ce asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun harajin ilimi na 1993. Dokar ta ce a raba kuɗin kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi. Sai dai asusun na gine-gine ne da kayan aiki da bincike da ƙaro wa malamai karatu. Ba ya biyan albashi. Ma'anar wannan a fili take: ana iya samun kuɗin gini daga waje, amma mutumin da zai tsaya a filin kowace yamma da usur a baki, da mai share ciyawa, da mai kula da wanda ya ji ciwo, duk suna wuyan makaranta da gwamnatin da ta mallake ta. A nan ne wasanni ke shan kaye. In kasafi ya yi ƙaranci, su ake fara yankewa, sai a damƙa ƙungiyar ƙwallo ga malamin da ke da azuzuwa cike da takardun jarrabawa a gabansa, ko a nemo mai horarwa na wucin gadi ana saura 'yan makonni gasa, a sallame shi da an dawo.

A Amurka akwai ƙananan kwalejoji na shekara biyu, masu kama da namu ta fuskar cewa 'ya'yan talakawan yankin ne ke cika su. Ƙungiyar wasanninsu, NJCAA, tana nan tun 1938, kuma tana da makarantu sama da 500. Abin koyi a wajensu ba girman filaye ba ne. Tun 1994 suna da dokar da ta tilasta wa makarantar da ke haɗa maza da mata, take fita gasa, kuma ɗalibanta ke cin tallafin gwamnatin tarayya, ta fitar da rahoto duk shekara: 'yan wasa nawa ne maza, nawa ne mata, me aka samu, me aka kashe, masu horarwa nawa ne na dindindin, nawa ne na ɗan lokaci, kuma nawa ake biyansu. Kowa na iya dubawa. Nijeriya ma tana da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, kuma shugaban kwaleji mai kishi ba ya buƙatar a kai shi ga doka. Takarda ɗaya ce daga ofishin ma'aji, a liƙa a allon sanarwa a ƙarshen kowace shekarar karatu.

Abin da ya sa maganar ta fi zafi a Kebbi shi ne irin baiwar da Allah ya ajiye a bakin Gulbin Rima. Tun 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, bikin kamun kifi ya zama abin da duniya ta san garin da shi, har UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da ake taƙama da su a 2016. Masu kallo daga nesa sun fi riƙe hoton dubban masunta da homa da gora suna afkawa kogin Matan Fada. Amma wanda ya tsaya ya kalli kabanci, wato wasannin ruwa na bikin, ya ga wasanni tsantsa: tseren kwale-kwale, iyo, nutso, kamun kifi da hannu, kamun agwagwar ruwa. A kan tudu kuma ga kokawa da dambe. Yaran da ke yin wannan ba a makaranta suka koya ba, gado ne, kuma da yawansu sun iya ruwa kafin su iya rubuta sunansu.

Tseren kwale-kwale wasan Olamfik ne. Ayomide Bello ta wakilci Nijeriya a cikinsa a Tokyo, ta sake zuwa Paris a 2024. Babu dalilin da zai hana ɗan Kabawa ko 'yar Kabawa kaiwa wannan matsayi, in akwai wanda zai ɗauki yaron daga bakin gulbi, ya koya masa ƙa'idar gasa, ya riƙa auna lokacinsa, ya kuma tabbata bai bar karatu ba. Wannan aikin kwaleji ne, kuma kwalejin da ke cikin garin Argungu ta fi kowa dacewa da shi. Ƙwararrun ruwa da ke ƙarƙashin Sarkin Ruwa suna nan da rai. A ɗauki wasu cikinsu a matsayin masu koyarwa da albashi sananne, a haɗa su da malamin da ya karanta ilimin motsa jiki, ko wanda aka tura Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas ya samo shaidar horarwa. Masarautar Argungu, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ita ce mai riƙe da wannan gado, kuma da ita ya kamata a fara shawara.

Koyar da iyo a jiha irin tamu ya wuce neman lambar yabo. Ba a manta da jirgin ruwan da ya nutse kusa da Warra a Ƙaramar Hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba, da ɗimbin rayukan da suka salwanta. Malamin firamare da ya fito daga kwaleji ya iya iyo da ceton wanda ruwa ya ci, zai kai wannan ilimin ƙauyen da aka tura shi.

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna abin da tsari ke yi wa wasan gargajiya. Tun 1975 suke gasar kokawa ta takobin ƙasa, da filaye na musamman da alƙalai da kyaututtuka, har ɗan kokawa Issaka Issaka na Dosso, wadda ke iyaka da mu, ya zama sunan da yara ke kira a Kamba da Kangiwa.

Sai batun 'yan mata, wanda shi ma batun ma'aikata ne. Iyaye da yawa a nan ba za su bar 'yarsu ta shiga horo a hannun namiji ba, kuma suna da hujjarsu. Kwalejin da ba ta da mace mai horarwa, ba ta kuma ware wa mata lokaci da wuri mai sutura ba, tana karɓar kuɗin wasanni daga ɗalibai mata ne kawai ba tare da ta ba su komai ba.

Gwamna Nasir Idris malami ne, ya shugabanci ƙungiyar malamai ta ƙasa kafin ya hau mulki a 2023, don haka ya san bambancin ma'aikaci mai takardar ɗauka da wanda ake kira in an matsu. Roƙon mai wannan wasiƙa gare shi da majalisun gudanarwar kwalejojin shi ne a buɗe guraben masu horarwa na dindindin, maza da mata, a kuma ajiye kuɗin wasanni a layinsa na daban cikin kasafi, da wakilin ƙungiyar ɗalibai a kwamitin da ke sa hannu kafin a kashe shi. Kai kuma, ranka ya daɗe, da za ka tura wakilinka Argungu da Birnin Kebbi kafin rajista mai zuwa, ya nemi alƙaluman shekarar da ta wuce da adadin masu horarwa a kowace makaranta, ka buga mana amsar da aka ba shi.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
daga Argungu, Jihar Kebbi