Karen da Bai Yi Haushi Ba

A ƙasar Funtuwa da Malumfashi, idan aka kwance wa manomi shanun huɗa da dare, sau da yawa wurin boka yake fara zuwa. Boka ya buga ƙasa, ya ambaci baƙo ko makiyayi, kafin azahar an taru an yi masa duka. Wannan zalunci ne tsantsa.

A shekarar 1887 wani likita a Ingila, Arthur Conan Doyle, ya ƙago labarin Sherlock Holmes, gwanin bin diddigi. A wani labarinsa na 1892 an fitar da dokin sukuwa daga barga da dare, aka kama wani baƙo. Holmes kuwa ya lura kare bai yi haushi ba. Ashe wanda ya shiga ɗan gida ne, mai horar da dokin da kansa.

To, wanda ya iya karanta baƙi a takarda, ba shi da uzurin kasa karanta sawu a ƙasa. Ya duba igiya da turke, ya tambayi masu kwana kusa, sa'an nan ya kai ƙara gaban alƙali. Zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.