A RUBUTA LAMBAR MAI A JIKIN FAMFO

Abin mamaki ba ya ƙarewa. Garin Suleja yana da babbar ma'ajiyar mai ta kamfanin NNPC, tankoki kuwa ba su yankewa a hanyar da ta bi ta Maje, amma mai tsohuwar mota a garin ba shi da ikon zaɓar irin fetur ɗin da zai zuba wa motarsa. Famfo ɗaya ne, mai iri ɗaya, ba kuwa wanda zai gaya masa ƙarfinsa.

Dattawan direbobi ba su manta ba, a zamanin da akwai fetur iri biyu a gidajen mai, Sufa da na gama-gari. Bambancinsu shi ne lambar oktan, wato ma'aunin yadda mai yake jure matsi a cikin inji kafin ya kama wuta. Motocin gudu masu ƙofa biyu, irin su MGB ta Ingila da Marsandi 280 SL ta Jamus, an ƙera injinsu da matsi mai yawa, saboda haka mai babbar lamba suke bukata. A Turai har yanzu ana sayar da mai lamba 95 da mai 98, kowanne da lambarsa ɓaro-ɓaro a jikin famfo. A Nijeriya ƙa'idar da aka daɗe a kanta ita ce 90 ko 91. In aka zuba wannan a injin da aka yi domin 98, sai wani ɓangare na man ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, a ji inji yana ƙwanƙwasa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman wajen hawan tudu. Yau da gobe, fistin ne zai ƙone.

Akwai kuma maganar darma. A da ana zuba ta cikin fetur don ƙara lamba, tana kuma shimfiɗa wa mazaunin bawul ɗan rufi mai hana shi cinyewa. A 2001 ƙasashen Afirka suka yi alkawari a Dakar za su daina amfani da ita kafin ƙarshen 2005, a 2021 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da sanarwar cewa an daina sayar da irin wannan mai ga motoci a duniya baki ɗaya. Madalla da haka, don darma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara. Sai dai injin da kansa na baƙin ƙarfe ne, kamar na MGB, yana bukatar a sa masa mazaunin bawul mai tauri. Fijo 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a Kaduna, kan injinta na alminiyam ne, wannan damuwa ba ta cika shafarta ba.

Dabarar da ta rage wa mai mota ita ce ya sa makaniki ya ɗan ja taimin baya har ƙarar ta ɗauke. Gudu zai ragu, amma inji zai daɗe. Ya kuma guji man jarka na bakin titi, komai tsawon layi. Wanda motarsa ba ta da matsi mai yawa kuwa, babbar lamba ba za ta ƙara mata ƙarfi ko kaɗan ba, asarar kuɗi ce kawai.

To, amma ina amfanin dabara in ba a san abin da ke cikin famfo ba? A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da sinadarin metanol fiye da ƙima. Motoci suka lalace, layi ya cika Abuja da kewaye. Metanol yana cin robar bututun mai da ta kabureta, tsohuwar mota ce kuwa ta fi kowa jin jiki.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, aka ba da sanarwar janye tallafi, jama'a kuwa su suke biyan kuɗin mai, don haka suna da haƙƙin sanin abin da suka saya. Ya kamata hukumar NMDPRA ta tilasta wa kowane gidan mai ya rubuta lambar oktan a jikin famfo, ta riƙa gwada mai kafin tanka ta bar ma'ajiya, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa hanyar kawo mai lamba 95, ko da a gida biyu ne tsakanin Suleja da Madalla.