Masu Lissafin Buhunan Shinkafa a Gidan Makoki

Kiran da wasu masu wa'azi da 'yan bokon da ke mara musu baya suka sake tayarwa a 'yan kwanakin nan, cewa da an fito daga maƙabarta kowa ya kama gabansa domin zaman makoki almubazzaranci ne, ya nuna cewa masu wannan ra'ayi sun ƙware wajen lissafin buhunan shinkafa da kuɗin hayar rumfa, amma ba su taɓa tambayar abin da mutuwa ke yi wa waɗanda aka bari ba. Ilimin zamantakewa, wato fannin da ke nazarin abin da ke ɗaure mutane da juna cikin al'umma, ya amsa wannan tambaya fiye da shekara 100 da suka wuce, sai dai karatu yana da wuya, riƙe makirfo kuwa ba shi da ita.

A littafinsa na 1912 a kan tushen rayuwar addini, Bafaranshe Emile Durkheim ya bayyana cewa makoki ya wuce baƙin cikin zuciyar mutum ɗaya, domin wajibi ne da jama'a ke ɗora wa kanta idan ta yi rashi, ta taru wuri guda ta tabbatar wa kanta cewa giɓin da aka samu bai wargaza ta ba. Wannan shi ne abin da ke faruwa a kan tabarmar ƙofar gida, inda 'yan'uwan da suka shekara ba sa ga maciji suke zama kafaɗa da kafaɗa, mai zuwa ya ce ya haƙuri, mai gida ya amsa, a shafa addu'a. Tun kafin Durkheim da ƙarnuka biyar, Ibn Khaldun ya kira wannan ƙarfi asabiyya, wato jin haɗin kai da ke sa dangi su tsaya wa nasu, kuma babu mai hankalin da zai ce ana raya ta da saƙon waya na layi biyu.

Robert Hertz, wanda a 1907 ya yi nazarin yadda mutanen Dayak na tsibirin Borneo ke yi wa mamaci jana'iza sau biyu, ya nuna cewa a wurin al'umma mutuwa ba ta kammaluwa ranar da numfashi ya tsaya, tana ɗaukar lokaci kafin rayayyu su sake tsara kansu. Arnold van Gennep kuma a 1909 ya kasa al'adun sauyin matsayi gida uku: rabuwa da tsohon matsayi, zaman tsaka-tsaki, da komawa cikin jama'a. Takabar wata huɗu da kwana goma misali ce ƙarara ta zaman tsaka-tsaki, kamar yadda fitar takaba take komawa cikin jama'a, kuma a cikin kwanakin makoki ne masu bin mamaci bashi suke bayyana, a san wanda zai riƙe marayu, a fara maganar gado tun dattawa ba su watse ba.

Hujjar da ake ta maimaitawa ita ce talaka yana cin bashi don ya ciyar da baƙi, kamar dai wanda kansa ke ciwo maganinsa a sare kan. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, umarni ya bayar a dafa wa iyalinsa abinci, kuma kwanukan da maƙwabta ke shigarwa gidan rasuwa a ƙasar Hausa har gobe a kan wannan turba suke. Abin mamaki, masu kukan almubazzaranci ba a jin ɗuriyarsu idan ana kashe miliyoyi a kamu da dina da anko, haka kuma bakinsu yakan mutu idan wani babba ya iso ta'aziyya da jerin gwanon motoci da masu ɗaukar hoto, aka ture marayu gefe don a samu hoto mai kyau, sannan ya tafi bai bar ko mudun gero ba. Gumbar tsohuwa ce kaɗai ke tsone musu ido.

Gaskiyar magana, wannan ba sabuwar muhawara ba ce. Tsohuwar taƙaddama ce tsakanin ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, da mabiya ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, aka yi mata sabuwar riga da sunan tattalin arziki, domin kalmar bidi'a ta daina razana kowa. Rikicin da ya raba masallatai, ya sa ɗa ya ƙi bin mahaifinsa salla, shi ne yanzu yake neman ya kwashe tabarmar gidan makoki, kuma masu neman kwashe ta ba su faɗi wanda zai zauna da mai takaba da marayunta a daren farko ba.