Kowa da Saurinsa

A 1948 Pattabhi Jois ya buɗe makarantar yoga, wato motsa jiki tare da sarrafa numfashi, a birnin Maisur na ƙasar Indiya. A tsarinsa galibi ba a jera aji ana kirga "ɗaya, biyu". Kowa na yin abin da ya haddace daidai numfashinsa, malam yana zagayawa yana gyara wa kowa nasa. Ba a ƙara maka sabon motsi sai ka iya na baya, kamar karatun allo.

A ganina wannan ya fi. In aka ce kowa ya lanƙwasa lokaci guda, mai taurin jiki kan matsa wa kansa don kunyar abokai, har ya ji ciwo a gwiwa. Sai dai akwai haƙuri: wani kan yi watanni a motsi ɗaya, na gefensa ya wuce shi.