Kuliya Manta Sabo da Kotun Masu Kallo: Abin da Nazari Ya Bari a Baya

Tun kafin a san talabijin a ƙasar Hausa ake yi wa alƙali kirari da kuliya manta sabo, wato wanda idan ya hau buzun shari'a ba ya sanin ɗan'uwa ko aboki. Daga wannan kirari aka samo sunan wasan kwaikwayon da gidan talabijin na NTA Kano ya yi fice da shi a shekarun 1980, inda Alhaji Daudu Galadanci ya fito a matsayin alƙali, har sunan Kuliya ya bi shi. Manazarta sun sha ambaton wasan a cikin tarihin fim ɗin Hausa, amma galibi a matsayin share fage ga masana'antar bidiyo da ta kunno kai a Kano a 1990. Wanda aka fi mantawa da shi a wannan lissafi shi ne mai kallo.

Wasan shari'a ya bambanta da sauran wasanni ta wajen abin da yake nema daga mai kallonsa. A fim ɗin Amurka mai suna 12 Angry Men, wanda Sidney Lumet ya shirya a 1957, mutum goma sha biyu ne ke kulle a ɗaki suna jayayya kan ko wanda ake tuhuma ya aikata kisa. Kotun alƙali ba ta san wannan tsari na masu taya yanke hukunci ba. Alƙali shi ke sauraron da'awa, ya nemi shaida daga mai ƙara, ya ba wanda ake ƙara rantsuwa idan shaida ta gaza, ya yi i'izari, sannan ya yanke. Saboda haka gurbin waɗancan mutum goma sha biyu masu kallo ne ke cike shi. Su ke gano maƙaryacin shaida tun kafin alƙali ya kama shi, su yi dariyar wayonsa, su kuma ci gaba da gardama a majalisa bayan an tashi, wani ya ce an yi daidai, wani ya ce shari'a saɓanin hankali. A cikin wannan gardama Bahaushe ke bayyana abin da ya ɗauka adalci ne, da harshensa, ba tare da malami ko lauya ya ara masa kalma ba.

Babu inda wannan batu ya fi nauyi kamar arewacin Zamfara. Dattijon Moriki ko Zurmi ko Shinkafi ko Ƙaura Namoda da ya haura shekara saba'in ya ga sauyin kotu har sau biyu. Ya tashi a zamanin kotunan En'e, ya ga an raba su da sarakuna an mayar da su kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, sannan ya ga Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Bayan haka sai yankin ya auka cikin rikicin 'yan bindiga da 'yan sa-kai. Cikin dalilan da aka fi ambata na rikicin akwai koken makiyaya da manoma cewa ƙarar ɓarnar gona, da cinye burtali, da satar shanu, ba ta samun hukuncin da zai kwantar da rai. Inda mutane suka yanke ƙauna daga kotu, bindiga ce ta zama alƙali. Irin alƙalin da waɗannan mutane suke yabo idan sun gan shi a wasa yana nuna abin da suka rasa a zahiri.

Ana iya cewa wannan begen jiya ne kawai, domin kotunan da wasan ya kwaikwaya ba su tsira daga zargin cin hanci da son rai ba. Gaskiya ne. Sai dai masu kallon ba su jahilci hakan ba, da yawansu sun taɓa gurfana gaban alƙali na gaske. Saninsu da bambancin ne ya sa suke jin daɗin Kuliya, kuma tazarar da ke tsakanin alƙalin wasa da alƙalin gari ita ce abin nazarin.

Aikin da ke gaban sassan Hausa, musamman na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato da Jami'ar Tarayya ta Gusau, a fili yake. A nemo abin da ya saura na faifan wasan a adana, a nuna shi ga dattawa da mata da matasa na waɗannan garuruwa, har da waɗanda rikici ya kora zuwa Gusau, a naɗi muhawararsu kalma da kalma. Daga nan za a samu ƙamus na kalmomin shari'a kamar yadda talaka ke amfani da su, a kuma ji inda ya fifita sulhu a kan hukunci. Dattawan da suka ga kotunan nan uku da idonsu suna ƙarewa, kuma abin da suka tafi da shi ba a rubuce yake ba.